Wutar Tsirena da Tankar Fetur

Ko zan manta da komai na zamana a Legas, ba zan manta da ranar da na ɗauki wuta da hannuwana biyu a bakin titi ba.

A lokacin a Agege nake kwana, amma teburin tsirena yana can gaba da Iyana Ipaja, a kan babbar hanyar da ke fita gari. Ba banza na zaɓi wurin ba. Yawancin masu aiki a cikin Legas ba a ciki suke kwana ba, tsadar haya ta kora su bayan gari. Da asuba su kwararo ciki, da la'asar su kwararo waje, kuma duk hanya ɗaya ce. Daidai inda nake akwai wata kwalbati da ta tsuke titin, layi huɗu ya koma biyu. Ga danfo, ƙananan bas ɗin haya na Legas, suna cin burki a tsakiyar hanya don ɗaukar fasinja, ga tireloli sun yi fakin a gefe. Sai kuma mu 'yan tebur da muka cinye ɗan abin da ya rage, amma wannan kam ban taɓa kawo shi a raina ba.

Ba zan ɓoye muku ba, addu'ar gosulo nake yi, wato cunkoson motoci. Mota ta tsaya, ƙamshin tsire ya shiga ta taga, sai ka ga hannu ya leƙo. Kullum sai na ɗan ƙara tura teburin da rabin duron da nake hura gawayi a ciki zuwa bakin kwalta. Maƙwabciyata, wata dattijuwa Bayarabiya mai sayar da ruwan leda, takan ce mini, "Malam, saura kaɗan ka kai teburinka tsakiyar titi." Ni kuwa in ce, "Iya, ai can kasuwar take." Mu yi dariya.

Ran nan bayan la'asar hanya ta cushe fiye da kullum, ko okada, babur ɗin haya, ba ta samun wurin ratsawa. Wata tankar fetur ta tsaya ɗan sama da ni. Wani direban danfo mara haƙuri ya biyo ta gefen titi zai wuce, ya iske teburina ya tare hanya, sai ya karkata ya matse jikin tankar. Na ji ƙarar ƙarfe ya gogi ƙarfe, ƙiiii! Har na buɗe baki zan zage shi, sai wari ya bugi hancina.

Fetur ne. Danfon ta fasa bututun da ke ƙarƙashin tankar, mai yana tsiyaya, ya kama bakin kwalta yana gangarowa. Ni ne a gangaren, da garwashina jajir.

Innalillahi! Wuri ya ruɗe. Mutane suka bar motocinsu suna tattaka juna. Danfon kuwa ta maƙale tsakanin tankar da bangon kwalbati, ƙofarta ta ƙi buɗuwa, fasinjoji suna ta dukan gilashi. Har yau ina ganin fuskar wata mata da ta miƙo jaririnta ta taga tana kuka, ba wanda ya tsaya ya karɓa. Ni kuwa ina nan tsaye a gaban wutata. Don tsoro, wallahi ko salati na kasa kamawa daidai.

Iya ta yage ledar ruwa za ta watsa a wutar. Sai direban tankar, wani ɗan Arewa, ya kwatsa mata tsawa daga inda yake ƙoƙarin toshe bututun da rigarsa: "Kada ki zuba! Tartsatsi zai tashi!" Ya juyo gare ni, idonsa ja. "Ɗan'uwa, don girman Allah ɗauke wutar nan! In mai ya iso ta, ba wanda zai fita!"

Na duba tsumman da nake kama duron da shi, ban gan shi ba, an tattake shi a turmutsutsu. Na duba ƙasa, man ya kusa ƙafar teburina. Yashi babu, ko'ina siminti ne. Sai kawai na ce bismillahi, na kama bakin ƙarfen nan da hannu.

Ba zan iya kwatanta zafin ba. Na ji ƙaurin fatata kamar na naman da nake gasawa. Hanya ɗaya ce ta fita, wani lungu a bayana, shi ma ni na toshe shi da bencin masu cin tsire. Iya ce ta hankaɗe bencin da ƙafa, ta shiga gabana tana ihu da Yarbanci, mutane suna darewa. Ina tafe ina roƙon Allah kada garwashi ko ɗaya ya faɗo, kada wani ya bangaje ni. Ban san nisan da na yi ba. Na dai san sai da na daina jin warin fetur na dire duron a bayan wani gida, na zube kusa da shi.

Wuta ba ta tashi ba. An fasa gilashin danfon aka zaro mutane, har da matar nan da ɗanta. Masu kashe gobara ba su iso ba sai bayan magariba, don su ma gosulon ya riƙe su.

Na yi wata biyu Iya da matata suna ba ni abinci a baki. Da aka kwance bandeji, wasu suka riƙa ce mini jarumi. Wane jarumi? Ni na san dalilin da ya sa danfon nan ta karkata.

Yanzu teburina yana cikin unguwa a Agege, ciniki kaɗan-kaɗan, alhamdulillahi. Idan na ji mutum yana zagin direbobi da gwamnati a kan cunkoso, nakan ce gaskiyarsa ne, amma ya duba ko shi ma ya ci taku ɗaya na hanyar jama'a. Ni taku uku na ci. Yatsuna biyu na dama ba sa lanƙwasuwa har yau, kuma duk alwalar da zan yi sai sun tuna mini.