Namadi, Mai Nemo Fuskar Mamaci a Fuskar Ɗan'uwansa

Da an idar da sallar asuba, Malam Namadi yakan ɗaure gwangwanayen fenti a bayan keke ya nufi tashar Tambuwal. Ya share gaban rumfa, ya jiƙa burushi a kananzir, sannan ya ɗauki tsumma ya bi allunan da ke rataye a bango yana gogewa. Sai ya gama da su yake waiwayar aikin da ke ciyar da shi, rubutu a bayan manyan motoci da ƙofar shaguna. Bana ya ce zai ajiye burushi, yanar ido ta ci ƙarfinsa. Ban ji ana shirya masa walima ba. A garin nan ana yi wa mutum walima ne idan ana tsoronsa.

Allunan nan fuskokin mamata ne. Da 'yan bindiga suka fara tayar da ƙauyuka a ƙasar Kebbe, mutane sun iso Tambuwal da rigar jikinsu kawai. Wayar da ke da hoton mamaci ta ƙone ko an ƙwace ta. Wata tsohuwa mai suna Tambaya ta ce wa Namadi fuskar ɗanta Bube ta fara ɓace mata, kuma wannan ya fi ƙarar bindiga ba ta tsoro. Ya tambaye ta wa ya fi kama da shi. Ta kawo ƙanwarsa. Ya zaunar da ita a benci yana duba yana zanawa, tsohuwar na gyara masa: "A'a, hancinai bai kai haka ba. Kuma shina da giɓi." Da ya gama ta daɗe tana kallo, sannan ta ce wa allon, "Kai Bube, ko hula ba ka sa ba."

Tun daga nan ba ya zana mamaci sai wani jininsa ya zauna masa. Zaman ba shi da daɗi. Ana ɗaukar goshinka da idanunka ana ba wanda ke kabari, ka tashi ka duba allo ka ga kanka. Na ga ƙato ya miƙe ana tsakiyar aiki, bai dawo ba. Ina gefe ranar da 'yata Umaima ta ara wa mahaifiyarta Sharifa fuska, kuma iyakar abin da zan faɗa a kai ke nan.

Mutanenmu ba sa rataya hoton mutum a ɗakin da suke sallah, don haka suke barin allunan a rumfar. Ranar kasuwa su zo su tsaya, su yi addu'a, su wuce. Akwai masu cewa aikin bai halatta ba. Fatawa ta malamai ce, ba tawa ba. Na dai lura waɗanda suka fi ɗaga murya su ne hotunansu ke manne a kowane turken lantarki lokacin zaɓe, fuska sumul kamar ba ta taɓa ƙarya ba.

Bara aka ce wani babba zai bi ta tasha. Kwamitin tasha ya zauna ya gano babbar matsalar yankinmu: allunan Namadi. Wai suna tsorata baƙi, suna nuna kamar babu zaman lafiya. Kamar! Shugaban kwamitin, Alhaji Na'iya, ya zo da kansa da bokitin farin fenti, direbobi na kallo.

"Malam Namadi, umurni na daga sama," in ji shi. "A shafe su, in baƙi sun wuce ka sake wasu."

"Da wane ido, Alhaji? Waɗanda sunka zauna min ma, wa ya san inda suke?"

"Ni dai aiko ni anka yi."

"To ga burushi, hannuna ba shi iyawa. Fara da na ƙarshen can, shi ya fi kusa da kai."

Na ƙarshen Almustapha ne, ƙanen Na'iya, direban da aka kashe a hanyar Kebbe. Na'iya ne ya zauna aka zana shi. Ya tsoma burushi ya ɗaga hannu, sai ya tsaya. Goshinsa ne a allon, da tsagar gidansu. Fenti ya bi hannun shaddarsa yana ɗiga.

"Alhaji, riga na ɓaci," in ji wani direba.

Na'iya bai waiwaya ba. Ya ce, "Wa ya ce ka sa mai murmushi? Ni ban yi murmushi ba rannan."

Namadi ya ce, "Kai ba ka yi ba. Shi da murmushi na san shi."

Na'iya ya saki burushin cikin bokiti ya tafi. Kwamiti ya rataya ƙaton ƙyalle mai hoton babban a gaban rumfar. Babban ya wuce gilashi a rufe, ko rage gudu bai yi ba. Ƙyallen yanzu shi ne inuwar mai shayin tasha, kuma wannan ne amfanin farko da muka samu daga mutumin.

Malam Namadi, kai ne ka ƙi yarda a kashe mutanen nan sau biyu. Kai ne ka sa muka dubi abin da muke kawar da kai daga gare shi, ba tare da ka ɗaga murya ba. Mun bar idonka ya mutu a gabanmu, ba mu turo maka ko mutum ɗaya ya koya ba. Na gode, Allah Ya saka maka, Ya buɗe maka ido.

Ku masu hannun zane da kuke ɓata shi wajen goge tsufan 'yan takara, rumfar tana nan, mai ita yana iya magana ko ba ya gani. Wanda bai iya zane ba, ai ya iya goge ƙura. Ban yafe wa kwamiti ba. Amma ranar kasuwar da ta wuce na ga Na'iya ya karɓi tsumman daga hannun Namadi, kuma bai tsaya a kan allon ƙanensa ba, ya bi layin har kan Bube.