Katin Zaman Likitanmu

Ko da tsufa zai kwashe min sunaye da ranaku, tafiyar da na yi saboda katin zaman likitanmu ba za ta fita daga kaina ba.

A lokacin ni ce mai kula da takardu a wani ƙaramin asibiti mai zaman kansa a unguwar Gomari. Shekarun rikici ne, Maiduguri ta cika da mutanen da suka gudo daga ƙauyuka, ma'aikatan lafiya kuwa sai ficewa suke yi. Da farko likitocinmu uku ne, biyu suka kwashe iyalansu suka tafi, ban kuma ga laifinsu ba. Wanda ya rage dattijo ne ɗan Sudan, likitan tiyata. Hausarsa a karye take, amma in matan Shuwa suka zo sai ka ji suna zuba Larabci da shi kamar ɗan'uwansu. Daga unguwar Dala ta nan Maiduguri ake kawo masa mata masu doguwar naƙuda a Keke Napep, daga kasuwar kifi a kawo waɗanda suka ji rauni. Ban taɓa jin ya ce a dawo gobe ba.

Baƙo irinsa ba ya zama ya yi aiki haka kawai. Da bizar aiki ya shigo ƙasar nan, aka ba shi katin zama, katin kuma a jingine yake da wata takarda da gwamnati ta ba asibitin, ta izinin ɗaukar ma'aikaci daga waje. In ta asibitin ta ƙare, ba a sabunta nasa. Lura da ranakun nan aikina ne, ni ce kuma na yi sake. Wata Litinin ina neman wani fayil sai idona ya faɗa kan takardar asibitin. Ta ƙare tun wata biyu baya. Katin Likita kuwa saura masa kwana goma sha ɗaya.

Na same shi yana wanke hannu, na faɗa masa. Ya goge hannunsa a hankali, ya ce, "'Yata, ni ba zan zauna a ƙasar mutane ba bisa ƙa'ida ba. In ranar ta zo babu takarda, zan tafi." Bai ɗaga min murya ba. Da ya yi faɗa ma da ya fi min sauƙi.

A ofishin shige da fice na garinmu wani jami'i ya zaunar da ni ya yi min bayani tiryan-tiryan. Ya ce ba a hannunsu abin yake ba, sai Abuja, kuma dole mai asibitin da kansa ya rubuta takardar neman sabuntawa, ya sa hannu, ya buga hatimi. Mai asibitin kuwa, wani Alhaji, ya fi shekara da komawa Kano. Layukan waya a lokacin a kashe suke a duk garin, ba yadda za a yi a kira shi.

Da na ce wa mahaifiyata zan bi hanyar Damaturu, ta daɗe tana kallona. Kowa ya san labarin hanyar nan a wancan lokacin.

"Ke kaɗai ce ma'aikaciya a asibitin? Mazan fa?"

Na ce, "Ya," haka muke kiran uwa a gidanmu, "ni na ɓata, ni zan gyara."

Ta ce in bar mata yarana, ta tofa min addu'a a tafin hannu.

Da safe muka bi layin motocin da ke jiran a buɗe hanya. A kowane shinge sai mu sauka mu wuce a ƙafa, hannu a sama. Fayil ɗin takardun Likita na ɗaure shi a cikina da ɗankwali, ƙarƙashin hijabi. Mun wuce garuruwan da ba kowa a cikinsu sai bangon da wuta ta ci. Cikin motar ba mai hira, sai wata tsohuwa da ke ta salati a gefena. Tsoro dai na ji shi, ba zan yi ƙarya ba, amma ko sau ɗaya ban yi tunanin juyawa ba.

A Kano na yi zaton na gama da wuya, ashe saura. Alhaji ya karɓe ni da kyau, aka kawo min abinci, amma da na fito da fayil sai fuskarsa ta canza.

"Hajiya, ni na gama da Maiduguri. Dama ina shirin rufe wurin. Ki ce wa Likita na gode, ya koma gida ya huta."

Na kwana a ɗakin matarsa, washegari na sake samunsa a falo. Yanzu in na tuna nakan yi mamakin inda na samo bakin, don da ko ido ba na iya haɗawa da shi. Na ce, "Alhaji, ka yi haƙuri da abin da zan faɗa. Mutumin nan ba garinsu ba ne, ba danginsa ba ne, ya zauna. Gwaggonka da ta ƙi barin Gomari, shi yake zuwa duk Juma'a ya duba ƙafarta. Ba mu ce ka dawo ba. Hannu kawai za ka sa."

Na ɗauka kora ta zai yi. Can ya ce, "Har yanzu tana masifa?"

Na ce, "Har Likitan ma ba ta bari ba."

Ya yi dariya, idonsa ya kawo ruwa. Ya aika aka ɗauko hatimi, ya kuma haɗa ni da lauyansa na Abuja.

A Abuja kwana huɗu na yi ina hawa bene ina sauka. Wannan tebur ya ce saura shaidar cewa Likita na koya wa 'yan ƙasa aiki, wancan ya ce hoton fasfo bai fito sosai ba. Duk abin da aka ce in kawo sai in nemo in dawo. Rana ta huɗu wata jami'a ta duba adireshin asibitin, ta ɗago kai. "Daga Maiduguri kika zo? Ta mota?" Na ce eh. Ta tashi da kanta ta shiga da fayil ɗin ciki. Sabon katin ba ranar ya fito ba, sai bayan makonni, amma an ba ni takardar shaidar cewa an karɓi buƙatarmu, wadda da ita Likita zai ci gaba da zama a kan ƙa'ida.

Na iso gida saura kwana biyu. Ko gidanmu ban biya ba, na wuce asibiti. Likita na cikin tiyata, akwatinsa kuwa a ɗaure a bayan ƙofar ofis. Da ya fito na miƙa masa takardar. Ya karanta ta sau biyu, ya ce, "Alhamdulillahi." Sai ya dube ni ya ce, "Kin ci abinci?" Daga nan ya juya ya ce a shigo da mara lafiya na gaba.

Ya ƙara shekara huɗu tare da mu kafin ƙarfinsa ya ragu ya koma wurin jikokinsa.

Abin da na koya shi ne babu ƙaramin aiki. Ni da nake ganin kaina mai jera fayil kawai, ashe rayukan mutane na rataye da ranar da ban duba ba. Na kuma koyi cewa in ka yi kuskure, kada ka tsaya neman wanda za ka ɗora wa. Ka ce ni ne, ka tashi ka gyara tun da sauran lokaci.