Baba Tsaya, Mai Gyaran Kwamfutar da Ya Rufa wa Matan Unguwa Asiri

Ƙarfe bakwai da rabi na safe za ka ji ƙarar ƙofar shagonsa, can ƙarƙashin benen da ke kallon asibitin mata. Zai jingine kekensa, ya yi bismilla, ya share ɗan wurin da bai fi shimfiɗar tabarma biyu ba, ya goge teburi da tsumma. Sannan ya jera kujera biyu, ɗaya tasa, ɗaya ta mai kaya. Sai ya tsiyaya shayi a murfin fulas, ya zauna jiran wanda Allah zai kawo. Shekara ashirin da shida ke nan haka yake yi.

Sunansa na yanka ya ɓace tuntuni. Baba Tsaya kowa ke ce masa, har matarsa in ta so tsokana. Dalili kuwa, duk wanda ya faɗo shagon da kwamfuta a hammata yana cewa a danna masa kaza yanzu-yanzu, amsa ɗaya yake samu: "Tsaya tukuna. Zauna." Ba ya buɗe kwamfutar mutum sai mai ita na zaune kusa da shi. Ka ce bari ka je kasuwa ka dawo, ya ce to tafi da abarka. In an zo wurin lambar sirri, sai ya kau da kai ya kalli bango, ka danna da hannunka. Malamar makarantar yaranmu ta ce ranar da ta kai tata, da aka iso kan hotunanta na gida, juya mata allon ya yi ya ce, "Malama, nan ɗakinki ne. Ki kwashe da kanki, ni zan riƙa gaya miki inda za ki danna." Mutane na ta mita wai ya cika nawa. Mu ma mun yi mitar, Allah ya yafe mana.

Yanzu shekaru sun ja, ƙarshen watan nan zai rufe shagon ya huta. Shi ya sa ya kamata a faɗi abin da ya yi a asibitin nan bara, don yawancin matan da ya rufa wa asiri ba su ma san an yi ba. Matiron, wato shugabar nas-nas, ita ta ba da labarin, mai ba da kati kuma ta shaida.

Kwamfuta shida ce a asibitin, kuma komai namu na ciki: suna, gwajin jini, awon ciki, maganin da kowace ke karɓa. Masu babbar manhaja, wato wadda ke tafiyar da kwamfutar gaba ɗaya, suka yi ta turo saƙo wai tsohuwar ta tsufa, sun daina toshe mata ƙofofin da ɓarayin intanet ke bi, a koma sabuwa. Baba da kansa ya ce maganarsu gaskiya ce, dole a sauya. Manajan asibitin mutumin kirki ne, sai dai akwai gaggawa. Ranar wata Litinin ya kira Baba.

"Baba, shida ne. Zuwa Laraba nake so a gama."

"Ɗaya zan yi."

"Ɗaya a rana?"

"Ɗaya a mako. In ta zauna lafiya, mu taɓa 'yan'uwanta."

"Haba Baba! Kwamfuta ce fa, ba mara lafiya ba, da za a ba ta gado."

"Ranka ya daɗe, ai a asibiti muke. Gadon za mu ba ta."

A bakin tagar kati suka yi wannan maganar, mata na kan layi. Manaja cikin jin daɗi ya ƙara da cewa sabuwar har rumbu gare ta a intanet, komai can za ta riƙa ajiyewa. Kafin la'asar magana ta zaga unguwa, wai za a zuba fayil ɗin mata a intanet, kowa ya gani a wayarsa.

Washegari wata baiwar Allah ta shigo ofishin Matiron ta turo ƙofa. Magani take karɓa duk wata, irin wanda ba a tsallake masa ko kwana ɗaya, kuma daga mijinta sai Matiron ba wanda ya sani. Ta ce, "Anti, ba ni katina in ƙona. Ki goge sunana a na'urarku." Matiron ta yi lallashi, ta ƙi. Ta ce gara ta zauna a gida ta jira ikon Allah da a riƙa nuna 'ya'yanta da baki a makaranta. Maganin kwana tara ya rage mata. Ta fita ba ta waiwayo ba.

Matiron ta tsallaka titi ta samu Baba a shago. Ba ta faɗa masa ko wace ce ba, shi ma bai tambaya ba. Ta ce, "Baba, da bakina na yi wa matan nan alkawarin sirrinsu ba zai fita ɗakin nan ba. In ƙarya na yi musu, ka gaya min." Da wani ne, da sai ya ce ta kwantar da hankalinta, ba komai. Shi cewa ya yi, "Kar ki ce musu komai sai na gani da idona."

Kwana biyu ya yi bai taɓa sabuwar manhajar ba. Kwafe komai yake yi a faifai biyu, Matiron na zaune a gefensa, ita ke danna lambar sirri. Da ya gama, ya sa ta buɗe kwafin ta tabbatar yana buɗuwa, don a cewarsa an sha ajiye kwafi a zo nema a tarar da shi wayam. Sannan ya ce ta kulle duka faifan biyu a kabad ɗin da ake kulle magunguna masu ƙarfi, makullin ya zauna a hannunta.

Ranar Alhamis ya fara da kwamfutar sito, wadda ba komai cikinta sai lissafin auduga da safar hannu. Sabuwar manhaja ta hau, ta ce sai an ba ta adireshin imel. Manaja na tsaye a kansa ya ce, "Sa nawa, ga shi nan a wayata. Duka shidan ma a sa nawa, wa zai iya haddace lambobi shida?" Baba bai yi musu ba. Ya sa. Ya buɗe sabon shafi ya rubuta: "Sakamakon gwajin Baba Tsaya: shayi ya yi yawa a jini." Ya ajiye, ya naɗe hannu.

Ba a yi minti biyar ba ya ce, "Ranka ya daɗe, duba wayarka."

Manaja ya duba. Ga takardar nan zaune a wayarsa, ba wanda ya tura. Ya fara dariya, sai ya katse ta. "Innalillahi. Wayar nan jiya a hannun surukata ta wuni tana kallon hotunan jikoki. Kullum da yamma yarana ke wasa da ita."

"To da kwamfutar ɗakin gwaji muka fara fa?" in ji Baba.

Manaja ya nemi kujera ya zauna. Daga ranar bai sake cewa a yi sauri ba, kuma a yaba masa, shi da kansa ya riƙa kawo wa Baba ruwan sanyi.

Baba ya cire imel ɗin, ya yi wa kwamfutar shiga tata ta kanta wadda ba ta haɗe da wayar kowa. Ya bi tambayoyin da manhajar ke yi ɗaya bayan ɗaya, waɗanda mutane ke danna "na yarda" ba su karanta ba, yana fassara wa Matiron da Hausa. Wannan tana so ta riƙa kwashe takardu zuwa rumbunsu. Wannan tana so ta san abin da ake rubutawa. Matiron na cewa a'a, yana kashewa. Ana cikin gwajin kuma ya ɗauki kwamfutar ya kai ta ɗakin sikanin, inda ake ɗaukar hoton ciki, ya jona, sai ga shi na'urar sikanin ta ƙi magana da sabuwar manhaja sam. Da an yi ta Manaja, da ranar awo masu ciki sun cika benci ba abin duba su. Sai ya bar kwamfutar ɗakin sikanin a kan tsohuwar manhaja, ya zare mata wayar intanet gaba ɗaya, har masu na'urar suka turo gyara bayan wata biyu.

Amma baiwar Allahn nan ba ta dawo ba, kwanaki kuma na tafiya. Matiron ta kira ta a waya, matar ta ce, "Ku ma'aikata ai bakinku ɗaya." Sai ranar da ƙwaya ɗaya ta rage mata ta yarda ta zo ta ji daga bakin mai gyaran, da sharaɗin ba zai ga fuskarta ba. Aka zaunar da ita bayan labulen ɗakin allura, Baba ya juya wa labulen baya.

"Baba, kai ka ga sunana?"

"Ban gani ba, 'yata. Kar ma ki faɗa min."

"Za ka rantse ba wanda zai taɓa gani?"

"Ba zan rantse ba. Abin da hannun ɗan Adam ya ƙera, ba na rantsuwa a kansa. Tsoronki ma gaskiya ne, da an yi gaggawa da abin ya faru. Amma ƙofar da kike tsoro na rufe ta, kuma ba sai kin yarda da bakina ba."

Ya sa aka karɓo wayar Manaja, Matiron ta miƙa mata ta bayan labule. Ya ce ta fara karanta takardar da ta shigo ranar Alhamis. Tana karantawa sai ga 'yar dariya ta kufce mata. Ya rubuta wata takardar a kwamfutar da ya gyara, ya ajiye, ya ce ta riƙe wayar ta jira, in ta shigo ta faɗa. Ta jira minti biyar. Ta ce a ƙara. Ta jira har aka kira azahar, ba abin da ya shigo. Baba ya tashi ya tafi masallaci. Kafin ya dawo ta karɓi maganinta na wata ta tafi, kuma Matiron ta ce daga ranar ba ta sake tsallake wata ko ɗaya ba. Baiwar Allahn ce ma ta ce a ba da labarin, ban da suna.

Sauran kwamfutocin, mako biyar ya ɗauka yana bin su ɗaya-ɗaya. Ko fayil guda bai ɓata ba.

Baba, kai ne mai riƙon amanar da masu ita ba su san sun ba ka ba. Kai ne ka tsaya a gaban mai gida ka ce ɗaya za ka yi, alhali ka san zai iya kiran wani ya gama masa a wuni guda. Kuma da aka nemi ka rantse don a ji daɗi, ka ƙi, ka faɗi iya abin da ka sani. Mu iyaye mata mun san nauyin abin da ke cikin fayil ɗin nan. Akwai auren da ke tsaye a kansa, akwai mutuncin 'ya'ya. Mun gode. Allah ya rufa maka asiri duniya da lahira, ya sa 'ya'yanka su ji ƙanka, ya ba ka hutu mai albarka.

Ku kuma masu gyara da kuke tasowa, aikin kun iya, wasunku ma sun fi shi saurin hannu. Abin da muke roƙo, ku ji tsoron Allah a kan abin da kuke gani a na'urorin mutane. Ku kwafe kafin ku taɓa, ku gwada a kan wadda ba a tsoron asararta, ku karanta wa mai kaya abin da zai yarda da shi. Mu ma in an ce za a sabunta mana waya ko kwamfuta, mu daina jin kunyar tambaya. A gaya mana ina kayanmu za su, wa kuma zai iya gani. Ba sai kin yi boko mai zurfi ba kafin ki yi wannan tambayar.

Ranar Asabar ta ƙarshen wata zai kwashe kayansa. Duk wadda ta taɓa yankar kati a asibitin nan, ta daure ta tsallaka titi ta gaishe shi. Ba sai kin faɗi dalili ba. Ba zai tambaye ki ba.