Arba'in a Goshin 'Yata

Ranar da zazzaɓin 'yata ya kai arba'in muna Vaulx-en-Velin a ƙasar Faransa, uwarta ta tafi aiki Paris tun safe. Ni kaɗai ne da yarinya 'yar shekara biyu, sai ma'aunin zafi irin wanda ake haskawa a goshi daga nesa. Na auna ta ya fi sau goma, lambar ta ƙi sauka.

Abin haushi, a satin nan na koya wa ɗalibaina tarihin awon zafi. Na ba su labarin wani masanin taurari ɗan ƙasar Suwed da ya sa sifili a tafasar ruwa, ɗari a daskarewarsa, sai bayan rasuwarsa malaman ƙasarsu, har da wani mai nazarin tsirrai, suka juya lissafin yadda muka san shi yau. Duk na haddace, amma bai sanyaya jikin 'yata ba.

Muna jiran tasi zuwa asibiti na kira mahaifiyata a Damagaram.

"Inna, arba'in fa!"

"Arba'in ɗin me? Jiya nan arba'in da biyar aka yi, kuma da azumi a bakina."

Na fusata, na fara bambance mata zafin gari da na jiki. Ta katse ni.

"Ni ban san lambobinku ba. Ɗora tafinka a goshinta ka gaya mini."

Tun safe na'ura nake nuna wa yarinyar nan, hannuna bai sauka a goshinta ba ko sau ɗaya.