Burtalin Baba Daga Sama

Mahaifinmu ya bar burtali a gefen gonarsa ta Fakku, hanyar da shanun maƙwabta ke bi zuwa rafi. Tsawon rayuwarsa bai taɓa sa masa garma ba. Da ciwo ya kwantar da shi, duk zuwana dubiya daga Tambuwal sai na ji ya tambayi yayana, wanda ke noma gonar: "Burtalin fa?" Shi kuma ya ce, "Shina nan, Baba, yadda ka bar shi." Ni mace ce, iyakata cikin gida, ban taɓa zuwa na duba ba.

Bayan rasuwar Baba, a makarantar da nake koyarwa, wata abokiyar aikina ta nuna mini yadda ake ganin gari daga sama a kwamfuta, da hoton tauraron ɗan'adam. Na bi hanyar Kebbe da yatsa har na gano tsamiyar gonarmu. Babu burtali. Kunyoyin noma ne jere har bakin rafi.

Raina ya ɓaci, amma na yi masa uzuri, na ce ƙila bana ya nome. Sai abokiyar aikin nawa ta nuna mini ƙasan allon, inda ake rubuta lokacin ɗaukar hoton. Damina biyu ne kafin rasuwar.

Ashe duk ranar da Yaya yake durƙushe gaban tsohon nan, gero ya riga ya cinye hanyar. Baba kuwa sai ya ɗaga hannu da ƙyar ya sa masa albarka, ni ina gefe ina cewa amin.