Wanda ya tambayi Safiyya a gidan biki

Jiya da la'asar aka fara kiɗan biki a gidan maƙwabtanmu a nan Umbadda. Yaran layi duk suka ruga can, aka bar ni da 'yata Safiyya, mai shekara bakwai, tana kwance kan angarib, gadon igiya.

Wata biyar ke nan da ta gwada rawar da ta gani a waya, ta lanƙwashe ta baya har hannunta ya taɓa ƙasa. Ta faɗi, ta ce ƙafafunta sun yi nauyi. Na shafa mata mai, na ce ta taka. Washegari likita ya ce lakarta ce ta taɓu, da na kwantar da ita a miƙe na kawo ta nan take, da ya fi.

Tun daga nan ba ta sake takawa ba. Babanta yana aiki a ƙasar waje. 'Yan dubiya sun daina zuwa.

Jiyan, da ta ji kiɗan, Safiyya ta ce mini, "Yumma, je ki bikin."

Na ce, "Wa zai zauna da ke?"

"Ai ba inda zan je. Ki dai dawo ki gaya mini wanda ya tambaye ni."

Na je. Ba wanda ya ambace ta. Da na dawo na ce mata, "Kowa."

Iyaye, don Allah ku gaya mini, na yi laifi?