Karkarwar Hannun Kawu

Ƙanen mahaifiyata tsohon saje ne. Da ya bar soja ya dawo Zuru ya kama noman dawa a gindin dutse. Katanga ɗaya ce tsakanin gidana da nasa, don haka a idona ciwon ya fara.

Hannun dama ne ya soma karkarwa, amma sai in ya ajiye shi a cinya. Da ya ɗauki fartanya sai karkarwar ta lafa. Mutane suka ce burkutu ne, alhali ya daina sha tun yana bariki. Daga baya takunsa ya gajarce, fuskarsa ta daskare, har a coci ana tambayar matarsa da wa yake fushi.

Likitan da muka gani a Birnin Kebbi ya ce sunan cutar Fakinsan. Wasu ƙwayoyin halitta ne a ƙwaƙwalwa ke mutuwa a hankali. Magani yana sassauta ta, ba ya kashe ta.

Abin da ya fi damun Kawu shi ne bakin ƙofa. Yana isowa sai ƙafafun su manne da ƙasa. Wata safiya matarsa ta gaji da jira, ga tukunya a wuta, ta ce, "Saje, lef, rai, lef, rai!" Sai kawai ya ɗaga ƙafa ya wuce. Da muka koma asibiti likitan bai yi mamaki ba. Ya ce an san ƙidaya da kiɗa suna taimakon masu wannan ciwon, a ci gaba da yi masa.

Ni malamar firamare ce, sai ya ɗora mini aikin nemo masa labarin cutar a waya. Na karanta masa cewa masu bincike suna gwada dasa sababbin ƙwayoyi a ƙwaƙwalwa, kuma suna neman hanyar gano ciwon tun kafin hannu ya fara rawa. Na ce an gano wani abu na gado da ya fi yawa a jinin mutanen yankinmu na Afirka, ana kuma zargin wasu magungunan feshin ciyawa.

Ya ce, "To, nawa daga ina? Jini ko gona?"

Na ce, "Ba su tabbatar ba tukuna, Kawu."

"In jini suke so, ki gaya musu akwai."

Na tambayi likitan. Ya ce a manyan asibitocin koyarwa ake irin wannan aikin, bai iso wurinsu ba. Kawu ya ce ba laifi.

Damina ta gaba bai yi feshi ba, ya ba wani maƙwabci tankin. Yanzu rabin gonar kawai ake nomawa. Ranar kasuwa yakan sa a kai shi a babur, ya zauna a rumfar masu hatsi har azahar.